Taken Tafiyar Inna

Ran nan da asuba an yi yayyafi, gari ya yi sanyi. Kwanana ashirin da uku da haihuwa, ina gidanmu a Limawa ina wankan jego, don haihuwar fari ce. Mijina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aiki ya riƙe shi a Kafanchan. Mu huɗu ne a gidan: ni, da jaririna, da Baba, da Inna.

Ƙarfe shida Mama Saratu ta shigo da itace a kafaɗa. Mutuniyar Gbagyi ce daga Gidan Kwano, doya take sayarwa a kasuwa, ɗakin hayarta yana bayan gidanmu. Ita ke dafa min ruwan wanka, tunda Inna ba ta iyawa. Hausar Mama Saratu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ta zuba min ruwan da ya kusa saɓule min fata, na yi ihu, ta ce, "Rabi, ka yi shiru, ai kai ka haihu, ba ni ba." Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi kasuwa.

Dole in faɗi yadda Inna take, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga kunne ba. Shekara biyu kafin nan hawan jini ya buge ta tana tsakiyar tankaɗe. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannun ya dunƙule ya manne a ƙirji, ƙafar ta zama kaya. Maganar ma ta tafi, kalma ɗaya tak ta rage mata: "To." Yunwa, to. Ciwo, to. Fushi, to. Matar da a da in ta ɗaga murya a tsakar gida, har mai shagon bakin titi ya san ta tashi.

Baba kuwa makaɗin mahauta ne. Garba Mai Kalangu, haka duk Minna ta san shi. Ubansa ya biyo layin dogo daga Kano tare da mahauta, ya zauna, ya bar masa kalangun. Lokacin da Inna ke kwance a asibiti, daga mayanka yake wucewa ya duba ta, kalangu a rataye. Wata rana yana zaune bakin gadonta, ya rasa abin cewa, sai yatsunsa suka fara taɓa fatar a hankali, shi kansa bai lura ba. Ni na fara gani. Hannun Inna da ya yi kwana goma sha ɗaya a dunƙule ya fara buɗewa, yatsa bayan yatsa.

Wata nas ta tsaya a kanmu. Na ɗauka korar mu za ta yi. Sai ta ce ya ci gaba. Ta kama wuyan hannun Inna tana duba agogonta, can ta ce bugun zuciyar ya sauko. Ta ce in mun koma gida ya riƙa yi mata kullum, safe da yamma, kamar yadda ake shan magani, kuma kada a bar ƙwayoyin da aka rubuta. Ni ban san likitanci ba. Abin da na gani da idona shi ne in ya kaɗa tana cin abinci, tana barci, kuma in ya daɗe har waƙoƙin daka na ƙuruciyarta take yi da cikakkun kalmomi. Da ya ajiye kalangun, sai ta koma "to".

Tafiyar ma ta haka ta dawo. In ka tsayar da ita ka ce ta taka, ƙafar ba ta motsi, ko za ka kwana kana lallashi. Sai Baba ya yi mata take nata na kanta, mai kiran sunanta Kande, bugu biyu a sake, na uku a matse. Taka, Kande, taka. A na ukun nan take ɗaga ƙafar. In ya yi sauri ta rikice, in ya canja kiɗa ta daskare a inda take. Nas ta ce mu riƙa ƙirga takun, don haka nake rubutawa da gawayi a bangon kicin. Mafi yawan da ta taɓa yi tamanin da huɗu ne.

Shekarar zaɓe ce. Baba ya yi wa wannan jam'iyya kiɗa, ya yi wa waccan. Ya ce shi a gidansu ba a taɓa kiran makaɗi ya ce a'a ba, kuma duk taken da aka roƙe shi sai ya kaɗa. Shekara arba'in a haka yake. Amma ɓangare ɗaya suka ɗauki hotonsa yana gaban motar ɗan takararsu, suka buga a takarda suka manna a kowane bango. Fuskar Baba har a jikin gidan wanka na kasuwa.

Safiyar nan na ce masa kada ya kaɗa, tunda ranar za a faɗi sakamako, gari kuma tun jiya ba daɗi. Ya yi dariya. Sunan uwarsa gare ni, shi ya sa yake ce min Uwata. Ya ce, "Uwata, in ban kaɗa ba, ke za ki iya ba ta koko?" Ni kuma bakina ba ya jiran shawara. Na ce, "Wallahi Baba, wata rana kiɗan nan naka sai ya jawo mana masifa." Ya gyara igiyoyin kalangun a hammata.

Ƙarfe bakwai ya fara. Inna ta sha kokonta, ta miƙe, ta zagaya tsakar gida tana dafe da kafaɗata. Taku saba'in. Na rubuta a bango. Ta zauna a tabarma tana haki tana murmushi da rabin fuska.

Ƙarfe tara rediyo ya faɗi sakamako. Unguwa ta yi tsit, ko sallamar masu talla babu. Tara da rabi muka fara jin wani irin gunji daga wajen kasuwa, ba ihu ba, ba waƙa ba. Sai ƙarar gilashi. Sai gudu a bakin titi, takalman roba suna fat-fat-fat.

Ƙarfe goma Mama Saratu ta faɗo ta ƙofar baya, ba ƙwarya, ba ɗankwali. Ta ce an kunna wa rumfuna wuta, kuma gida-gida ake bi, ana neman duk wanda aka gani a hoton ɗan takarar nan. Ta ce motar da ta kawo musu doya tana ƙetaren layin dogo, an ɓoye ta a bayan bishiyoyin mangwaro. "Baba, ka tashi yanzu! Ka fito da Mama ta baya!" Baba ya ce yaran da ke wannan hauka duk a gabansa aka haife su, shi ya yi kiɗan sunan rabinsu, zuwa azahar za su gaji. Mama Saratu ta dube shi, ta dube ni. Ta ce za ta je ta tsare direba kada ya gudu, mu same ta can. Ta fita.

Da mun bi ta a lokacin, da ita da Baba sun iya cicciɓar Inna. Wannan tunanin na yi shi ya fi sau dubu.

Ƙofar zaurenmu ta kakana ce, katako mai kauri, sakatarta kuma guntun ƙarfen layin dogo ne. Baba ya ja ta ya rufe. Goma da rabi jirgin kaya ya yi kuka, bai tsaya a tasha ba, muka ji ya wuce. Hayaƙi ya fara zuwa ta kan katanga, baƙi, mai warin taya.

Ƙarfe goma sha ɗaya suka iso layinmu. Na ji adduna ana jan su a kan kwalta. Na ji wani yana busa usur. Sai duka a ƙofar zaure, gam, gam, gam, har ƙasa na zubowa daga saman azara.

"Ina mai kalangu?"

"Fito da shi!"

"Yana ciki! Mun ji shi da safe!"

Na dubi Baba. Bai dube ni ba. Maganata ta tabbata, kuma wallahi ban taɓa jin ɗacin zama mai gaskiya irin na ranar ba.

Muka shige ɗakin Inna muka ja labule. Duwatsu suka fara sauka a kan kwano. Kowane dutse sai jikin Inna ya zabura. Hannunta ya ƙara ƙanƙamewa, haƙoranta suka datse, gumi ya keto mata. Ta fara kiran kalmarta, "To, to, to, to," tana ƙara ɗaga murya. Na toshe mata baki da tafin hannuna. Uwata da ta haife ni. Ta cije ni, ban cire ba. Jaririn kuma na manna shi a nono da ɗaya hannun don kada shi ma ya tsala kuka.

Baba ya janye hannuna daga bakinta. Ya ajiye gula, wato lanƙwasasshen iccen da yake bugu da shi. Ya zauna a bayanta, ya jingina bakin kalangun a tsakiyar gadon bayanta, ya lulluɓe su duka biyu da bargo. Da kan yatsa ɗaya yake taɓa fatar. Ni da nake kusa da su da ƙyar nake ji. Ita a ƙashinta take jin sa. Numfashinta ya fara sauka. Kafaɗarta ta saki. Kafin a daina jifa, ta kwantar da kai a ƙirjinsa ta lumshe ido.

Ƙofar ba ta karye ba. Wani ya ce a je a nemo fetur. Muka ji sun koma shagon telan da ya ɗinka tutocin jam'iyya, gida uku daga namu. Muka ji keken ɗinki ya daki kwalta. Telan ya yi ihu sau biyu. Ban ji na uku ba.

Daga nan sai zama. Gaba ba fita, titi cike yake da su, suna kai suna kawowa. Baya akwai ƙaramar ƙofa kusa da banɗaki, tana fita wani lungu da ke bi tsakanin katangu har layin dogo. Lungun bai fi faɗin mutum biyu ba, a tsakiyarsa kuma akwai kwalbati da aka ɗora wa katako ɗaya. Katanga ɗaya ce ta raba farkonsa da titi. In ka yi tari a nan, na waje zai ce maka sannu.

Sha biyu ta yi. Ɗaya ta yi. Ruwan randa ya yi warin hayaƙi, muka sha haka. Maƙwabtanmu na hagu sun gudu tun safe, mun ji akuyarsu tana kuka a ɗaure, ba mai kwance ta. Lokacin azahar ya zo, ba a kira salla a masallacinmu ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin haka ba. Baba bai iya barin Inna ya je alwala ba, ya yi taimama a bango ya yi sallarsa a zaune, hannu ɗaya yana kan Inna.

Ƙarfe biyu wuta ta kama gidan da ke manne da namu. Kwano ya fara fashewa, tau, tau. Akuyar ta daina kuka. Tartsatsi ya riƙa faɗowa a tsakar gida, rufin kicin ya kama daga gefe. Bangon ɗakin Inna ya ɗau zafi har ba a iya jingina. Baba ya ce, "Tashi."

Na goya jariri, na ɗaure zani da kyau. Baba ya durƙusa ya ce in ɗora masa Inna a baya. Shi siriri ne, ga shekaru. Ita kuwa mace ce mai jiki, kuma ɓarin da ya mutu nauyinsa daban ne. Ya miƙe da ita, ya yi taku uku, gwiwarsa ta lanƙwashe, suka zube tare a bakin rijiya. Muka gwada ɗaukarta mu biyu. Ina ɗagawa na ji wani abu ya tsinke a marata, jini ya biyo ƙafata. Baba ya gani ya ce in ajiye.

Muka tsayar da ita a bakin ƙofar baya. Na ce, "Inna, taka. Don Allah taka." Ta dube ni, hawaye na zuba, tana ƙoƙari har jijiyar wuyanta ta fito. Ƙafar ba ta ɗagu ba. Na yi mata tafi a hankali. Na buga mata a gindin tasa. Na rera mata taken da baki a kunne. Ina! Ƙafar nan kalangu kawai ta sani. Taɓawar yatsa a ƙarƙashin bargo ta isa ta kwantar mata da hankali, amma ba ta isa ta ɗaga ƙafa ba.

Baba ya ɗauki gula ya buga a hankali. Bugu biyu, na uku. Ta taka. Ya sake. Ta taka.

"Kai! Ku saurara!"

"Kiɗa ne! Ta ina yake fitowa?"

Muryar daga bayan katanga take, kamar a kan kafaɗata. Baba ya dafe fatar. Inna ta daskare, ƙafa ɗaya a lungu, ɗaya a gida. Muka tsaya haka ba mai numfashi, har takun ya yi gaba. A bayanmu rufin kicin ya rufta.

Abin a fili yake, ba sai an faɗa ba. In bai kaɗa ba, ba za ta tafi ba. In ya kaɗa a gefenta, kiɗan zai kawo su kanta, da ni, da jariri. Na ga Baba yana kallon ƙofar zaure. Na gane kafin ya buɗe baki. Na ce, "A'a, Baba." Ya yi kamar bai ji ba.

Ya ce, "Riƙe ta ta dama. Sa kafaɗarki a hammatarta. Kada ki waiwaya, kada ki ja ta. Ki ƙirga."

Inna ma ta gane. Ta damƙi rigarsa da hannunta mai lafiya, ta riƙe gam. Bakinta yana rawa, tana neman kalmar da za ta hana shi, kalmar ta ƙi zuwa. Abin da ya fito shi ne, "To. To." Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora hannun a kan katangar lungu. Ya ce, "Kande, ki saurare ni da kyau." Ya shafa kan jariri a bayana. Na so in ce ya yafe min maganar safe, amma ya riga ya juya ya nufi zaure.

Na ji ƙarfen sakata ya faɗi. Na ji ƙofar zaure ta buɗe. Biyu da rabi ta ɗan gota.

Sai kalangu ya tashi. Ban taɓa jin ya buga shi da ƙarfi haka ba, ko a ranar da mahauta ke bikin naɗi. Amma ba sauri. Bugu biyu a sake, na uku a matse. Taka, Kande, taka.

Ta taka. Ɗaya.

Ihu ya tashi a titi. "Ga shi nan! Ga shi nan!" Duk takun da ke bayan katanga ya juya ya bi kiɗan. Lungun ya zama namu mu kaɗai, mu da hayaƙi. Goma. Ashirin. Nauyinta duk yana kafaɗata, jini yana bin ƙafata yana shiga silifas. Ƙafarta ta dama tana jan ƙasa, sannan a bugu na uku ta ɗagu. Arba'in.

Kiɗan yana tafiya. Na ji ya bi titin da ke gefen lungunmu, inda za mu fi jin sa, yana nisa a hankali. Tamanin da huɗu ta wuce, ban tsaya ba. Ɗari. Inna tana haki, yawu na zuba a kafaɗata. Wani mutum ya zo da gudu daga bayanmu da rediyo a hannu, ya matse mu a bango ya wuce, bai ko kalle mu ba.

A ɗari da sittin muka iso kwalbati. Katakon ya jiƙe da yayyafin safe. Na shiga cikin kwatar, ruwa har gwiwa, na riƙe ƙugunta daga ƙasa. Ta tsaya a bakin katakon. Bugu uku suka wuce ba ta motsa ba. Wasu uku suka wuce. Na ce, "Inna, yana jiran ki." A na gaba ta hau. Taku biyar ta ƙetare.

Bayan kwalbatin ne na ji ta fara rerawa. A hankali, daidai da kiɗan. "Taka, Kande, taka." Da bakinta, kalmomi uku cif. Ɗari biyu. Ihun can ya canja, ya zama na mutanen da ke ba da umarni. Ban iya rarrabe abin da suke cewa ba. Kiɗan bai canja ba, ko kaɗan bai ƙara sauri ba. Ɗari biyu da hamsin. Na fara hango hasken bakin lungu, da duwatsun layin dogo, da ganyen mangwaro.

Ɗari uku. Wani bugu ya zo a karkace, na biye da shi ya dawo daidai. Ɗari uku da biyar. Ɗari uku da goma. Bugu biyu a sake, na uku a matse. Ɗari uku da goma sha ɗaya.

Bugu ɗaya. Shi ke nan.

Inna ta tsaya, ƙafar a ƙasa. Ta karkata kai wajen kasuwa tana jira. Ni ma na jira. Ba abin da ke zuwa sai ƙarar kwano da wuta ke ci. Ta jira har jikinta ya fara rawa, sannan ta sulale a jikin bango ta zauna.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina jan hannunta ba. Mama Saratu ce ta hango mu. Ashe tun ƙarfe goma tana zaune a ƙasa a gaban tayar motar, ta ce wa direba in zai tafi sai dai ya bi ta kanta, shi ya sa ba ta iya dawowa ba. Ta ƙetaro layin da gudu. Ta durƙusa, ta sa kafaɗa a cikin Inna, ta miƙe da ita yadda take miƙewa da damin itace. "Rabi, ka gudu! Ka riƙe yaro!" Na gudu.

Muka kwanta a bayan mota a kan ragowar doya, aka rufe mu da tampol. Direba ya bi ta bayan gari, ta hanyoyin gona, har ya faɗa hanyar Bida. Sau ɗaya aka tare mu. Mama Saratu ta leƙa ta yi musu magana da yaren Gbagyi, aka daki jikin motar aka ce mu wuce. La'asar sakaliya muka isa Gidan Kwano. Mijinta ya ba mu ɗakinsa, shi ya koma rumfa. Wata tsohuwa ta tsayar min da jinin. Suka nuna min gabas ba tare da na tambaya ba.

Kwana huɗu ba labari. Ran na biyar wani mahauci abokin Baba ya zo a keke, da kalangun a cikin buhu. Fatar ɓari ɗaya ta fashe, igiyoyi uku sun tsinke. Ya ce su mahauta suka ɗauke gawar Baba, suka yi masa sutura, suka binne shi washegari. Ya ce yana ɓoye a wani shago, ta ramin ƙofa ya ga komai.

Ya ce Baba bai gudu ba. Tafiya yake a tsakiyar titi, a hankali, taku ɗaya a kowane bugu na uku. Da suka kewaye shi ba su taɓa shi nan take ba, wasu ma dariya suke. Babbansu ya ce ya kaɗa musu taken jam'iyyarsu ya wuce abinsa. Sau uku yana faɗa masa. Mahaucin ya ce shi abin da ya kasa ganewa ke nan. Garba ya san taken, ya sha kaɗa shi, kuma bai taɓa hana kowa kiɗan da ya roƙa ba. Me zai sa ranar ya ƙi? Ya ce har aka fara dukansa hannunsa bai bar wancan kiɗan mai sanyi ba, wanda ba na kowa ba.

Na ce masa na Inna ne. Ya sa hula a fuska.

Mun dawo Limawa bayan na gama arba'in. Ɗaki ɗaya ya tsira, da zaure, da bangon kicin. Lambobin gawayi suna nan a jiki, saba'in ɗin ranar a ƙarshe. Mahauta suka sake wa kalangun fata. Makaɗa biyu suka zo a lokuta daban, na koya musu taken, suka kaɗa shi daidai, ba kuskure. Hannun Inna ya buɗe. Ta ci abinci, ta yi barci. Daga baya ni ma na koyi taɓa fatar da yatsa, nake yi mata safe da yamma, kuma ya yi mata amfani har ƙarshe. Amma duk wanda ya kaɗa, ƙafar ba ta ƙara ɗaguwa ba. Waƙar ma ba ta ƙara yi ba. Shekara huɗu ta yi a zaune, sannan ta bi shi.

Ɗana yanzu ya fi Baba tsawo. Kalangun yana rataye a ɗakina, ba mai taɓa shi. Maganar da na yi masa da safen nan tana nan inda na bar ta, ban samu damar janye ta ba.

Bayan rasuwar Inna na koma lungun ni kaɗai, da rana tsaka. Na fara daga ƙofar baya, na taka shi da irin takunta, gajere, ina jan ƙafar dama. Zuwa layin dogo taku ɗari uku da talatin ne. Ya kai ta ɗari uku da goma sha ɗaya. Goma sha tara suka rage.